Rawuta Mai Jin Harsuna Da Yawa: Yadda Sadarwar Kusa Ke Haɗuwa Da Ta Nesa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gaban kwamfutar makarantarsu ya aika da saƙo zuwa wani gari ko wata ƙasa, ya mori wata na'ura wadda da wuya in ya taɓa sa ta a ido. Galibi takan kasance a kulle cikin wani ɗan ɗaki mai sanyi, ko a maƙale a jikin bango, fitilunta suna ƙyaftawa dare da rana. Sunanta rawuta. Aikinta shi ne ta karɓi saƙo daga wata sadarwa, ta duba inda ya nufa, ta miƙa shi ga wata sadarwar. A cikin wannan darasi za mu duba wani jinsi na wannan na'ura wanda ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990, watau rawuta mai jin harsuna da yawa. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, wanda ya gane irin matsalar da ta warware, to ya gane ginshiƙin da intanet ke tsaye a kansa har yau.

Sadarwa iri biyu

Idan aka jona kwamfutocin da ke cikin ɗaki ɗaya, ko gini ɗaya, ko harabar makaranta ɗaya, suna musayar bayanai a tsakaninsu, an sami abin da za mu kira sadarwar kusa, wadda masana ke taƙaita sunanta da LAN. Wadda ta fi shahara a cikin irinta ita ce Ethernet, da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, a Amurka, cikin 1973. A tsarin da aka fitar a 1980, gudunta bit miliyan 10 ne a daƙiƙa guda. Shi bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, sifiri ko ɗaya. Takwas daga cikinsu su ne bayit guda, kimanin harafi ɗaya ke nan na rubutun boko. Kamfanin IBM ma ya fito da tasa sadarwar a 1985, mai suna Token Ring, wadda ta fara da gudun bit miliyan 4.

Akwai halaye biyu na Ethernet da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu komo kansu. Na farko, ta yi kama da zaure: in wani yana neman wani bai san inda yake ba, sai ya ɗaga murya ya yi shela, kowa ya ji. Na biyu, kowace kwamfuta tana da wata lamba mai bit 48 wadda masana'anta suka dasa a jikin katinta na sadarwa. Wannan lamba suna ce, ba adireshi ba ce. Tana faɗin ko wace ce na'urar, amma ba ta faɗin inda take. A cikin zaure suna ya wadatar. Amma wanda ya rubuta suna kaɗai a bayan wasiƙa ya jefa a akwatin gidan waya, ya san ba za ta je ko'ina ba.

Ita kuwa sadarwar nesa, ko WAN, ita ce wadda ke ratsa garuruwa da ƙasashe. A wancan zamani ba mai gini ne ke mallakar wayar ba, hayarta ake yi daga kamfanin tarho, ana biya wata-wata, da tsada kuwa. Layin da aka saba samu yana ɗaukar bit 9,600 ne ko 64,000 a daƙiƙa. Masu hannu da shuni ne kawai ke iya hayar babban layi mai bit 2,048,000. Akwai kuma tsare-tsare irin su X.25, wanda aka amince da shi a 1976, da Frame Relay da ya biyo baya, da kuma tauraron ɗan'adam. In ɗalibi ya raba miliyan 10 da 64,000 zai ga sadarwar kusa ta ninka layin nesa sau 156 a gudu. Watau wanda zai haɗa su, kogi zai ɗura a cikin tiyo.

Sai a ce, me zai hana a jona wayar kusa da ta nesa kai tsaye? An gwada, da wata na'ura da ake kira gada. Ita gada tana aiki ne da waɗancan lambobi masu bit 48, ta mai da zauruka biyu su zama zaure ɗaya. Illarta ita ce duk shelar da aka yi a wannan gefe sai ta ƙetara da ita wancan gefe, ko da babu mai bukatarta. Kwamfutoci ashirin ba komai. Amma in sun kai dubu, sai surutu ya cika ɗan siririn layin da ake biya da tsada, saƙon gaske ya rasa hanya.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Ba bambancin gudu ne kaɗai matsalar ba. Kafin kwamfutoci biyu su fahimci juna tilas su bi ƙa'ida ɗaya: yadda za a yanka dogon saƙo zuwa ƙananan fakitoci, inda za a rubuta adireshi, da abin da za a yi in fakiti ya ɓace. Wannan ƙa'ida ita za mu riƙa kira harshe. To a shekarun 1980 kusan kowane babban kamfani yana da nasa. IBM yana da SNA tun 1974. Kamfanin Digital yana da DECnet. Apple ya fito da AppleTalk a 1985. Kamfanin Novell, wanda manhajarsa NetWare ta mamaye ofisoshi, yana da IPX. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka kuwa suna da TCP/IP, wanda Vinton Cerf da Robert Kahn suka shimfiɗa tubalinsa a 1974, kuma sadarwar ARPANET ta koma kansa baki ɗaya a ranar 1 ga Janairu 1983.

Kowane harshe da irin adireshinsa. Na IP bit 32 ne, ana rubuta shi da lambobi huɗu, ɗigo na raba su. Na IPX kashi biyu ne: bit 32 na lambar sadarwa, sa'an nan bit 48 na lambar katin nan da muka ambata. AppleTalk ya ware bit 16 domin sadarwa, bit 8 domin na'ura. Amma duk da wannan saɓani, sun yi tarayya a abu guda, wanda shi ne sirrin aikin rawuta: kowane adireshi yana da ɓangaren da ke faɗin unguwa, da ɓangaren da ke faɗin gida.

Babbar jami'a kan wayi gari da dukan waɗannan harsuna a cikin haraba ɗaya, domin kowane sashe yakan sayi abin da ya ga ya dace da aikinsa ne ba tare da shawartar maƙwabcinsa ba. Abin da ya faru ke nan a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya. A wajajen 1980 zuwa 1981 wani injiniya mai suna William Yeager, wanda ke aiki a wani shirin kwamfuta mai alaƙa da makarantar likitancin jami'ar, ya rubuta manhajar da ta ba ƙaramar kwamfuta ɗaya damar raba fakitoci tsakanin sadarwoyin sassa daban-daban, kuma aka yi ta ƙara mata harsuna. A daidai wannan lokaci Noel Chiappa ya yi irin wannan aiki a MIT, ba tare da sun haɗa kai ba. Kafin su duka, Virginia Strazisar ta kamfanin BBN ta riga ta haɗa rawuta ta farko mai aiki da IP a tsakiyar shekarun 1970. A Disamba 1984 wasu ma'aikatan Stanford biyu, Leonard Bosack da Sandy Lerner, suka kafa kamfanin Cisco, wanda ya fara sayar da rawutoci a 1986. Wasu kamfanoni irin su Proteon da Wellfleet suka shiga kasuwar. Kafin a je ko'ina, yawan harsunan da rawuta ke ji ya zama abin da ake tallata ta da shi.

Tafiyar fakiti guda

Mu ƙaddara muna cikin 1993. Wata ma'aikata tana da ofishi a Kano da wani a Jos. Kowane ofishi yana da Ethernet, akwai rawuta a kowane gefe, kuma an yi hayar layi mai bit 64,000 tsakaninsu. Akawu a Kano yana son ya ɗauko takarda daga babbar kwamfutar ajiya da ke Jos.

Da farko kwamfutar akawun za ta kwatanta lambar unguwar da saƙon ya nufa da lambar unguwarta. In ɗaya suke, babu ruwan rawuta, sai ta miƙa saƙon kai tsaye. Da yake sun bambanta, sai ta sa fakitin a cikin ambulan irin na Ethernet, ta rubuta sunan rawuta a bayansa. A lura da kyau: a jikin fakitin adireshin Jos ne, amma a bayan ambulan sunan rawutar Kano ne. Rubutu biyu ke nan, kowanne da aikinsa, kuma yawancin ruɗanin da ɗalibai ke shiga a wannan fanni daga haɗa su yake tasowa.

Da ambulan ya iso, rawuta za ta duba wata 'yar lamba a goshinsa wadda ke faɗin harshen abin da ke ciki. A mafi sauƙin tsari, 0800 na nufin IP, 8137 na nufin IPX, 809B kuwa AppleTalk. Sai ta yage ambulan ta yar, domin aikinsa ya ƙare. Sa'an nan ta buɗe jadawalin hanyoyi na wannan harshe, don kowane harshe da jadawalinsa daban, ta nemi lambar unguwar. Jadawalin ba ya faɗa mata dukan hanyar. Abin da kawai yake faɗa shi ne ta wace ƙofa za ta fitar da fakitin, kuma wace rawuta ce a zango na gaba. Daga nan sai ta taɓa wani ƙididdiga da ke jikin fakitin. A IP lamba ce da ba ta wuce 255, kowace rawuta tana rage mata ɗaya, in ta kai sifiri a zubar da fakitin. A IPX ƙarawa ake yi, in ta kai 16 a zubar. Hikimar ita ce kada fakitin da ya yi ɓatan kai ya yi ta kewaya har abada yana cin wuri. Daga ƙarshe sai ta sa shi a sabon ambulan wanda ya dace da layin nesa, alal misali na PPP, wanda aka fara bayyanawa a 1989, shi ma yana da gurbin rubuta harshe. Ta haka ne fakitin IP da na IPX da na AppleTalk ke bin layi ɗaya a jere, kamar fasinjojin da ba su san juna ba a mota ɗaya.

A Jos, ɗaya rawutar za ta yage ambulan na nesa, ta ga unguwar tata ce, ta nemi sunan kwamfutar ajiya. In fakitin IP ne sai ta yi shela a zaurenta, ta tambayi wa ke da wannan adireshi, mai shi ya amsa. In kuwa IPX ne ba ta bukatar tambaya, tun da sunan yana cikin adireshin. Sai ta yi sabon ambulan na Ethernet ta miƙa. Ambulan uku aka yi amfani da su a tafiyar, amma wasiƙar ɗaya ce. Wani lokaci ma ambulan na gaba yakan fi na baya ƙanƙanta. Ethernet na ɗaukar bayit 1,500 a ambulan guda. In layin gaba bai kai haka ba, rawutar IP takan yayyanka fakitin, a harhaɗa shi a can inda ya nufa.

Mu da muka fito daga fannin nazarin halittu, wannan tsari ba baƙonmu ba ne. Günter Blobel ya sami kyautar Nobel a 1999 saboda ya nuna cewa furotin da ake ƙerawa a cikin ƙwayar halitta yana ɗauke da wata 'yar alama a jikinsa wadda ke faɗin sashen da za a kai shi. Sai dai misalin da ya fi kusa da rawuta shi ne mabiyiya. Jinin uwa da jinin ɗan tayi ba sa gaurayuwa. Kowanne yana kewaya a nasa gefe. Amma iskar numfashi da abinci suna ƙetarawa, ana tace su. Haka rawuta take: shelar Kano ba ta isa Jos, sai fakitin da ke ɗauke da adireshin can. Gada kuwa gauraya jinin take yi.

Ba tafinta ba ce

A nan akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata malamai su kawar tun da wuri. Da mutum ya ji an ce rawuta tana jin harsuna da yawa, sai ya zaci tana fassara wannan zuwa wancan. Ko kusa. Ta yi kama ne da ma'aikacin gidan waya wanda ya iya karanta boko da ajami. Wasiƙar da aka rubuta adireshinta da ajami zai jefa ta a jakar garin da ta nufa, haka ma ta boko. Amma ba zai buɗe ta ya juya ta zuwa boko ba. In wanda aka aika wa bai iya ajami ba, wasiƙa ta iso, amma ba ta yi amfani ba. Saboda haka kwamfutar Apple da ke Kano za ta iya magana da injin buga takarda na Apple da ke Jos, amma ba za ta iya magana da kwamfutar Novell da ke kan tebur ɗaya da ita ba, sai in ɗayansu ya koyi harshen ɗan'uwansa, ko an sa wata na'ura ta daban mai aikin fassara. Abin da rawuta ta haɗa shi ne hanya. Maimakon a yi hayar layi uku domin harsuna uku, sai a yi hayar ɗaya, kuma a nan ribarta take.

Akwai kuma harsunan da suka gagari rawuta, don ba su da lambar unguwa sam. NetBEUI, wanda kwamfutocin ofis da yawa suka yi amfani da shi, da LAT na kamfanin Digital, an tsara su ne domin zaure ɗaya. Ga irin waɗannan, rawutar kan koma ta yi aikin gada, da duk illar da ke tattare da hakan. Wata dabarar kuma ita ce a ɗauki fakitin wani harshe ɗungurungum a cusa shi cikin fakitin IP, ambulan cikin ambulan, a ciro shi a ɗaya gefen. Da irin wannan dabara aka riƙa ɗaukar saƙonnin SNA tun daga 1993.

Daga ina jadawali ke fitowa?

Ana iya rubuta jadawalin da hannu in sadarwar ƙarama ce. In ta girma, rawutoci ne ke koya wa junansu. Tsohuwar hanya ita ce RIP: kowace rawuta takan karanta wa maƙwabtanta dukan unguwannin da ta sani, da yawan zangon da ke tsakaninta da kowacce, duk bayan daƙiƙa 30. Maƙwabciya ta ƙara ɗaya a kai, ta faɗa wa na gaba. Hanya ce mai sauƙi, amma ji-ta-ji-ta ce. In layi ya yanke, labari kan daɗe bai game ba, har rawutoci biyu su yi ta tura wa juna fakiti, kowace tana zaton ɗayar ce ta san hanya. Shi ya sa aka ƙayyade zango 15. Abin da ya kai 16 a ɗauka ba ya isuwa. Kuma RIP zango kawai take ƙirgawa, ba ta san bambancin layi mai gudu da mai rarrafe ba. OSPF, wadda ta fito a 1989, ta gyara wannan: kowace rawuta tana riƙe da taswirar yankin baki ɗaya, ta lissafa hanya mafi sauƙi da kanta bisa dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959, kuma ba a yawan magana sai in wani abu ya sauya.

To ga inda wahalar rawuta mai harsuna da yawa take: kowane harshe yana yin nasa surutun, ba ruwansa da sauran. IP na yi duk daƙiƙa 30, AppleTalk duk daƙiƙa 10, IPX duk daƙiƙa 60. Shi IPX ma bai tsaya ga hanyoyi ba, har da tallan hidimomi: kowace kwamfutar ajiya da kowane injin buga takarda sai an yi shelar sunansa duk minti guda. Ga lissafin da malami zai iya ba ɗalibai a allo. Fakitin talla guda yana ɗaukar hidimomi 7, girmansa kuma bayit 480. In ma'aikata tana da hidimomi 700, fakiti 100 ke nan, bayit 48,000, watau bit 384,000 a kowane minti. A raba da 60, an sami bit 6,400 a daƙiƙa. A layi mai bit 64,000, kashi ɗaya cikin goma ya tafi. A layi mai bit 9,600 kuwa, kashi biyu cikin uku ya tafi, tun kafin wani ya aika da ko harafi ɗaya na aiki. A ganina, gwanintar injiniyan wancan zamani ba a jona waya take ba, a hana magana take. Shi ne zai zauna ya rubuta wa rawuta ƙa'idojin tacewa: wannan talla ya wuce, wancan ya tsaya. Shi ne kuma zai tsara jerin gwano a bakin ƙofar layin nesa, a ba saƙon da ba ya jure jira fifiko a kan babban fayil da ba ya sauri. In jerin ya cika, rawuta zubar da fakiti take yi ba tare da neman afuwa ba. Kwamfutar da ta aiko ce za ta lura ta sake aikowa.

Yadda harshe ɗaya ya rinjayi sauran

A 1934 masanin halittu ɗan Rasha, Georgii Gause, ya bayyana gwajin da ya yi da jinsi biyu na wata ƙaramar halittar ruwa mai suna Paramecium. In an raba su kowanne yakan rayu lafiya. In an haɗa su a kwalba ɗaya da abinci iri ɗaya, sai ɗaya ya ƙare. Ba zan ce dokar halitta ce ke mulkin kasuwar kwamfuta ba, amma kamannin yana da ban sha'awa, don rawuta ce ta zuba harsunan nan a kwalba ɗaya. IP ba mallakar wani kamfani ba ne, bayaninsa a buɗe yake ga kowa, kuma an tsara shi tun asali domin ya bi ta kan kowace irin waya. Da yanar gizo ta bayyana a farkon shekarun 1990, kowa ya so shiga, ita kuwa da IP take magana. Windows 95 ta zo da shi a cikinta. Novell da kansa ya mai da NetWare kan IP a 1998, Apple kuma ya cire AppleTalk daga manhajar kwamfutocinsa a 2009.

Duk da haka rawuta ba ta koma mai harshe ɗaya ba. Bit 32 ba sa ba da adireshi fiye da kimanin biliyan 4.3, kuma a Fabrairu 2011 hukumar da ke rabon su a matakin duniya ta raba na ƙarshe da ke rumbunta. Magajinsa, IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995, yana da bit 128. Tsohon da sabon ba sa jin juna kai tsaye, saboda haka rawutar yau tana riƙe da jadawali biyu, tana duba lambar goshin ambulan kamar dā: 0800 tsohon, 86DD sabon. Darasin ajami da boko yana nan daram. Haka kuma manyan kamfanonin sadarwa suna amfani da wani tsari mai suna MPLS, wanda aka daidaita a 2001, inda ake manna wa fakiti wata gajeriyar lamba a bakin shiga, rawutocin ciki su riƙa bin lambar ba tare da damuwa da harshen da ke ƙarƙashinta ba.

Tsakanin kamfani da kamfani kuwa, rawutoci suna musayar hanyoyi ne da BGP, wadda aka tsara a 1989. Zuwa 2023 jadawalin duniya na tsohon IP ya haura hanyoyi 900,000. Raunin wannan tsari shi ne an gina shi a kan amana: in rawuta ta ce ta san hanya, maƙwabta kan gaskata ta. A ranar 12 ga Nuwamba 2018 wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa aka yi shelar hanyoyin Google ba daidai ba, sai saƙonnin mutane daga wurare masu nisa suka karkata ta Rasha da Sin, har na fiye da sa'a guda kafin a gyara. Jadawalin ne kuma ke yanke hukuncin tsawon tafiya da tsadarta. Kafin a kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, a Legas cikin 2006, saƙo tsakanin kamfanoni biyu na cikin gida yakan fita har Turai ko Amurka kafin ya komo, don a can ne kawai rawutocinsu ke haɗuwa.

Aikin gwaji

Malamin da ke da kwamfuta mai intanet zai iya nuna wa ɗalibai waɗannan rawutoci ɗaya bayan ɗaya. A Windows sai ya buɗe tagar ba da umarni, ya rubuta tracert, ya bi shi da sunan wani shafi na ƙasar waje. A Linux kalmar ita ce traceroute. Van Jacobson ne ya fara rubuta wannan manhaja, kuma da ƙididdigan nan na zango take aiki. Kwamfuta takan aika da fakiti mai lamba 1, rawuta ta farko ta rage shi zuwa sifiri, ta zubar, ta aiko da sanarwa, da haka ta tona kanta. Sai a aika da mai lamba 2, ta biyu ta amsa, haka har a isa. Layi na farko a allon shi ne rawutar makarantar, ƙofar sadarwar kusa. Abin da ya biyo baya duk sadarwar nesa ce. Inda aka ga taurari maimakon lamba, wata rawuta ce da aka hana amsawa, ba lalle hanya ce ta yanke ba.

Sai ɗalibai su duba lokacin da aka rubuta a gaban kowane zango, su nemi inda ya yi tsalle. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Inda aka ga irin wannan tsalle, a nan fakitin ya ƙetare teku. In kuwa makarantar tana amfani da tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, tsallen zai kai wajen rabin daƙiƙa tun a zango na biyu ko na uku. A sa ɗalibai su lissafa dalilin da kansu, a tuna musu cewa saƙon sai ya hau ya sauko a zuwa, ya kuma hau ya sauko a dawowa.